Shekarar da Na Ci Bulus

Ku 'ya'yana da ban haifa ba tukuna, waɗanda ko uwarku ban taɓa sa wa ido ba, ku matso ku ji. Na san za ku ce wane irin mutum ne zai zauna rubuta tarihin rayuwarsa alhali gashin gemunsa bai cika tafin jariri ba. Dalilina ɗaya ne, sunanta Gwaggo Asabe. Matar nan ba ta da niyyar mutuwa nan kusa, kuma na tabbata ranar da aka haifi na farinku, ana gama yi masa huɗuba a kunnen dama za ta karɓe shi ta raɗa masa a na hagu cewa ubansa ya taɓa kusan barin addini a tsakiyar garin Makka. Gara in riga ta. Abin da zan faɗa muku gaskiya ne, in kun ji na ɗan ƙara gishiri, don miyar ta shiga ne.

A shekarar da nake ba ku labari muna zaune a unguwar Nakkasa ta Makka, can ƙololuwar dutse, inda in aka aiki yaro sayen burodi a ƙasa sai ya dawo da furfura. Akwai Abuya, wato mahaifina, mai shagon turare da carbi a Misfala, mutumin da dariyarsa take kamar ruwan saman Makka, sai a shekara ba a gan ta ba, in ta zo kuma ta yi ambaliya. Akwai Umma, da ƙanwata Ruwaida wadda kunnenta ke jin tarin tururuwa a bayan bango. Akwai Gwaggo Asabe, yayar Abuya, wadda aure ya kai ta Najeriya ta daɗe a Jos, da mijin ya rasu ta dawo mana da akwati biyu da labari buhu ɗari. Sai uwar gayya, kakata Hajiya Dije, muna ce mata Sitti. Ita da ƙafarta ta zo ƙasar nan. Tun tana yarinya ta taso da iyayenta daga wani ƙauye na ƙasar Katsina, suka ratsa Chadi, suka yada zango a Sudan har ta zama budurwa, sannan suka tsallako teku. Ni take kira maigidanta, kamar yadda kakanni kan yi, kuma ƙorafinta kullum ɗaya ne, wai ta auri marowacin miji wanda ko cefanen albasa bai taɓa yi mata ba.

A shekarar ne aka zo aka shafa wa bangayen unguwarmu jan fenti, alamar rusau na tafe. Kowa ya shiga neman inda zai sa kansa. Abuya ya rame, ya daina cin abinci tare da mu, ko ƙofa ce ta yi ƙara sai ya daka mata tsawa. Ni kuwa ina da shekara goma sha biyar, da waya mai fasasshen gilashi, da Hausar da ba ta wuce ta neman abinci da musun laifi ba. Larabci nake yi a makaranta, Larabci a titi, Larabci har a mafarki. In Sitti ta ja doguwar magana sai in riƙa gyaɗa kai ina cewa “to, to,” wata rana ashe zagina take yi ina amsawa da ladabi.

Kiɗan da ya kusa jawo mini tsiya kuwa ba nemansa na fita yi ba. Akwai wata waƙar Turawa da samarin unguwa ke sawa a mota, a tsakiyarta jita tana yin wani irin kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, amma kyanwar da ta yi karatun waƙa. Na nemo hirar mai waƙar a waya. Aka tambaye shi wa ya koya masa, ya ambaci wani. Na nemo wancan, shi ma ya nuna wani a bayansa. Haka na yi ta bin su kamar mai bin salsalar dangi, daga masu tara jama'a kamar ranar Arfa, zuwa masu dogon gashi da tsalle, zuwa masu kwat da busa, hoto yana komawa fari da baƙi, sauti yana ƙara shashasha kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙin, har na iso inda hanya ta ƙare. Can na tarar da wasu baƙaƙen mutanen Amurka, jikokin bayi, 'yan ƙasar noman auduga a bakin wani babban kogi, kowa zaune a kan kujerar katako da jitarsa guda. Sunayensu sun yi wa harshena nauyi, sai na raɗa musu nawa. Akwai Baba Mai Kwalba, wanda ke zura wuyan kwalba a yatsa yana goga wa tsirkiya har sai ta yi magana. Akwai Makaho, wanda in ka rufe ido sai ka rantse mutum uku ne ke kiɗa. Akwai Inna Mai Tsawa, wadda ba ta bukatar lasifika, lasifika ce ke bukatarta. Da yawansu sun mutu ba su ajiye ko tabarmar kirki ba, amma duk wanda ya rataya jita a wuya yau ya cika fili, in ka bi sawunsa baya-baya sai ka same shi duƙe yana shan ruwa a rijiyarsu.

Sunan kiɗan a bakin masu shi yana ƙarewa da wani zzz kamar kukan sauro. A bakina kuwa, da ya biyo ta Larabci ya faɗo cikin Hausa, sai ya fito “bulus”. Ku riƙe wannan da kyau, a nan gizo yake saƙar.

Wata rana bayan azahar ina zaune a kan matakala, abin ji a kunne, ido a rufe, ina kaɗa kai. Gwaggo tana gefe tana tsince shinkafa. Sai na ji tsakuwa a goshi.

“Kai Muhannad, tun ɗazu kake gyaɗa kai kamar ƙadangare. Me ake faɗa maka a kunnen nan?”

“Bulus ne, Gwaggo.”

Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti.

“Wa?”

“Bulus.”

“Wane Bulus?”

“Na asali. Na mutanen da. Ba irin na yanzu da aka yi wa gauraye ba.”

Ku fahimce ni, wannan ne karo na farko da wani babba a gidanmu ya nuna yana son jin abin da ke raina. Ga ta ta ajiye aiki, ta zuba mini ido, har baki ta buɗe. Sai na ga kasuwa ta buɗe mini, na tattaro 'yar Hausata duka na baje.

“Tun yaushe ka san shi?” in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

“Tun cikin azumi.”

“Cikin azumi! Wa ya haɗa ka da shi?”

“Ba kowa, ni na nema da kaina. Gwaggo, wallahi ya shiga zuciyata. In ina jin sa har hawaye nake yi. Duk duniya a wurinsa ta koya, mu ne kawai aka bari a baya.”

“Mu ne aka bari a baya.”

“Mu ne. Amma ni in Allah ya yarda hanyarsa zan bi. Na ma fara koya wa Ruwaida.”

Ta miƙe tana salati, faranti ya kife, tattabarun Makka waɗanda ba sa jiran gayyata suka sauko walima. Ni kuwa na mayar da abina kunne ina cewa a raina, kai, ashe Gwaggo ma tana da zuciyar jin kiɗa.

Abin da ban sani ba, kuma duk ɗan da ya tashi a ƙasar Hausa ya sani, shi ne Bulus sunan mutum ne, sunan Kiristoci, na wani babba cikin magabatan addininsu. A Jos maƙwabcin Gwaggo sunansa Bulus, kafinta ne, mutumin kirki in ji ta da bakinta, shi ya ɗauki mijinta zuwa asibiti a ciwon ajalinsa, amma ranar Lahadi da kwat yake fita da littafi a hammata. Ni haihuwar Makka, ban taɓa ganin Bulus ko a hoto ba.

Kwanakin da suka biyo baya na zama kamar mara lafiyan da likita ya ce a ba shi duk abin da ransa ke so. Umma ta riƙa ƙara mini nama tana kallona tana share ido da gefen mayafi. Ruwan Zamzam mai tofi ya riƙa zuwa safe da yamma, na sha har in ina tafiya cikina yana ƙugi kamar jarka a bayan mota. Abuya, wanda sahun gaba ne wurinsa tun kafin a haife ni, ya koma tsayawa a bayana a masallaci yana duba yadda nake sujada. Ni duk a zatona baƙin cikin rusau ne ya sa gida ya yi laushi. Ba wanda ya tambaye ni komai, don a gidanmu babbar magana ba da yaro ake yin ta ba, a kansa ake yin ta.

Ruwaida ce ta fasa ƙwan. Ta same ni ina wanke kwanuka ta tsaya a bakin ƙofa.

“Za a kai ka Najeriya.”

“Ke za a kai.”

“Wallahi. Abuya ya yi waya da Baffa Sani na Katsina. Ya ce gara ka tafi can a gyara ka kafin maganar ta fita unguwa.”

“Wace maganar?”

“Wai ka zama Kirista. Wai har ni ka fara ja.”

Dariya na fara yi har na zauna a cikin ruwan wanke-wanke. Da na ɗaga kai na ga ita ba ta yi ba, sai dariyar ta maƙale. Ku da ban san a inda za a haife ku ba, bari in gaya muku nauyin wannan magana. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, amma da iƙama muke zaune, wato izinin zaman baƙo. Yaro irina in aka buga masa fita ta ƙarshe, dawowarsa sai dai ya zo Umara kamar kowa, ya yi kwanakinsa ya koma. Baffa Sani ɗin nan, ɗan'uwan Abuya ne na nesa, ko muryarsa ban taɓa ji ba. Ban san hanyar ko'ina a duniya ba sai ta Harami, da ta Misfala, da ta mai sayar da mutabbaƙ, wainar Larabawa mai nama, a unguwar Tandabawi. Sitti kuwa ta tsufa, tana tashi da dafa bango. Na san in na tafi, ni da ita sai a lahira.

Na tari Abuya a ƙofar gida zan yi masa bayani da Larabci, harshen da ba na tuntuɓe a cikinsa. Ya ɗaga mini hannu.

“Ka faɗa wa yayata da bakinka cewa hanyar Bulus za ka bi, ko ƙarya ta yi maka?”

“Na faɗa, amma Abuya ai…”

“Khalas. Magana ta ƙare.”

Ya wuce. Mutumin da gida ke shirin rushewa a kansa ba shi da kunnen jin “amma”.

Sitti ce kaɗai ba a gaya wa ba, wai saboda hawan jininta. Ni kuwa na ce in jinin zai hau, gara ya hau ina nan. Na shiga ɗakinta na same ta a bakin gado tana jan carbi.

“A'a, maigida. Yau dai cefanen ne ya iso?”

“Sitti, aurenmu za a raba.”

“Wane mai ƙarar kwanan ne zai raba?”

“Ɗanki.”

Na zauna a ƙasa na kwashe mata labari, rabi Hausa, rabi Larabci, rabi hawaye. Na san rabi uku ba ya yiwuwa, amma ranar ya yiwu. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta naɗe carbin a hannu ta ce,

“In an sauko daga la'asar, ka ce wa Auta ina kira. Kowa ma ya zo.”

Auta shi ne Abuya. Mutumin da 'yan kasuwar Misfala ke miƙewa in ya shigo, a bakin uwarsa Auta ne har gobe.

Bayan la'asar aka hallara a falo. Sitti a kan kujera, Abuya a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa fuska kamar hadari, Umma a bakin ƙofa, Gwaggo ta ɗaura ɗankwali har gira irin na masu ba da shaida, Ruwaida ta laɓe a bayan labule ƙafafunta a waje. Ni a tsakiya kamar ragon layya.

“An ce wani Bulus ya shigo mini gida zai ɗauke mini miji,” in ji Sitti. “Ni ban taɓa jin inda aka yanke hukunci ba a ji ta bakin wanda ake ƙara ba. A kawo Bulus ɗin ya yi magana.”

“Inna!” in ji Gwaggo. “A cikin gidan nan? Ga agogon Harami can muna hangowa?”

“Ke da kika yi shekara da shekaru katanga ɗaya da shi ba ki narke ba, ni ce zan narke a zama ɗaya? Maigida, kunna.”

Na zaɓo Baba Mai Kwalba, na ƙure murya, na ajiye wayar a kan darduma. Aka fara jin suyar ƙosan nan. Sai jita ta ja wani dogon kuka, ta lanƙwasa, ta sauko. Sai tsohon ya shigo da muryarsa mai kama da ana jan buhu a kan tsakuwa. Gwaggo ta toshe kunne ɗaya, ta bar ɗayan saboda shaida. Sitti ta karkato da kunnenta mai ji, ta lumshe ido. Ba a yi nisa ba ta ɗaga yatsa, na tsayar.

“Wannan ne malamin nasu?”

“Sitti, ba malami ba ne…”

“Ai na ji. Wannan bawan Allah ba wa'azi yake yi ba. Matarsa ce ta yi yaji.”

Na saki baki. Matar da ko “zo” ba ta sani ba da Turanci.

“Wallahi haka ne! Cewa yake ya farka da safe ya tarar ta kwashe kayanta ta tafi.”

“Har da tukunya, ko? Ji yadda yake jan magana. Wannan ko karyawa bai yi ba.”

Labule ya fara rawa, Ruwaida na shaƙe dariya. Umma ta juya fuska bango. Na ce a raina shi ke nan, na sha. Ashe da saura. Abuya ko gezau.

“Hajiya, ba abin dariya ba ne. Kai, dube ni. Mutanen nan 'yan coci ne ko ba 'yan coci ba ne?”

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, kyakkyawa, sabuwa fil. Amma idon Sitti yana kaina.

“Da yawansu Kiristoci ne, Abuya. Wasu ma a coci suka fara waƙa suna yara. Amma wannan ba kiɗan ibada ba ne, masu cocin ma faɗa suke yi musu a kansa. Bulus ba mutum ba ne, sunan kiɗan ne kawai. Na wahala ne, na gona. Mutane ne da suka tashi suna tsinkar auduga…”

“Kun ji ko!” in ji Gwaggo. “Da bakinsa ya ce coci!”

“Na ji,” in ji Abuya. “Yau kiɗa ne, gobe ban san mene ne ba. Ga rusau a kaina, ba ni da idon tsaron yaro. Maganata tana nan. Zai tafi.”

Har na fara ganin kaina a Katsina ina tambayar hanya da Larabci, awaki suna yi mini dariya.

“Me ka ce suke tsinka?” in ji Sitti.

“Auduga.”

“Sake kunnawa.”

Na sake. Wannan karon ba ta yi wasa ba. Ta sa tafin hannu a gwiwa tana bugawa a hankali, daidai inda tsohon ke buga ƙafarsa, kamar sun yi shawara. Da ya kai ƙarshen baiti ta ce,

“Kun ji abin da ya yi? Ya faɗi magana, ya sake faɗinta, sannan ya kawo ta uku ya soke. Kun san dalilin maimaitawar? Ta farko kana duƙe. Ta biyu kana jan buhu. Kafin ta uku ka sami numfashi, ka kuma sami abin da za ka ce. Wanda bai tsinki auduga ba ba zai san wannan ba. Mu a Jazira ta Sudan mun tsinke ta har yatsunmu suka daina jin ƙaya. Da kuɗinta muka tsallako teku.”

Sai ta gyara zama, ta yi gyaran murya. Ni tunda nake ban taɓa jin Sitti ta yi waƙa ba, daga baya na gane Abuya ma bai taɓa ji ba. Muryar siririya ce, tana karkarwa, amma ta lanƙwasa daidai inda jitar nan ke lanƙwasawa.

“Ilu ya tafi da rani, ya ce in dafa da shi da kaka,
Ilu ya tafi da rani, ya ce in dafa da shi da kaka,
Tuwo ya huce a akushi, na kai wa kaji.”

Gwaggo ta sauke hannu daga kunne.

“Hajiya, wane ne Ilu?” in ji Abuya.

“Ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya. Yaro mai rawar kai, kamar wannan mijin nawa. A Sudan ya fara bin masu garaya, duk inda ake kiɗa yana can. Babanmu ya ce zai lalace. Ya haɗa shi da wasu masu komawa gida, wai ya je a gyara shi, in an yi kaka ya biyo mu. Ni na ɗaura masa guzuri. Auta, har yau ban san inda kabarinsa yake ba. Ban ma san ko ya isa ba. Babanmu ya mutu a garin nan yana tambayar duk alhajin da ya zo daga Katsina.”

Ta share bakinta da gefen zane.

“An yi mini sau ɗaya ina yarinya ba ni da baki. Yanzu ina da baki, ko da babu haƙora. In yaron nan ya karkace, a gabana za a miƙe shi. Ba inda za shi.”

Abuya ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon zanen darduma. Sitti ta san ɗanta. Ta san ya sauko, tsani kawai yake nema. Sai ta miƙa masa, amma irin tsanin da ake zamewa a kai.

“Kuma kai da kake zare wa yaro ido, wane ne ya tara gashi kamar kwandon kaji, ya sa wando mai baki kamar buje, ya je Jidda ya dawo da rediyo a kafaɗa? Wani baƙin Ba'amurke yana ihu a ciki kamar an watsa masa ruwan zafi, kai kana murza ƙafa a tsakar gidana har ka fasa mini tulu?”

“Hajiya…”

“Wallahi an yi haka,” in ji Gwaggo, wadda ba ta iya ganin shaida ta wuce ba ta ba da ita ba. “Ni na kwashe ruwan. Har wani juyi yake yi, ya faɗi ƙasa ya raba ƙafa.”

Na dubi Abuya. Na dubi saiƙonsa mai ƙyalli. Na yi ƙoƙarin ɗora kwandon kaji a kai, hankalina ya ƙi ɗauka. Amma bakina, wanda bai taɓa koyon darasi ba, ya riga ya buɗe.

“Abuya! Ai masu ihun nan jikokin Baba Mai Kwalba ne! Wallahi na bi salsalarsu. Kiɗan da kuka yi wa rawa shi ne wannan ɗin, ganga aka ƙara masa da wutar lantarki!”

“To ka ji,” in ji Sitti. “Kai ka yi wa jika rawa, ɗanka ya je gaida kaka. Wa ya fi wani ladabi?”

Na gaya muku dariyar Abuya ruwan Makka ce. Ta fara da ɗigo, kafaɗa ta motsa, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari. Sai ta ɓalle. Ya yi dariya har ya kwanta a gefe yana dukan darduma, hawaye na zuba, ban sani ba ko duka na dariyar ne. Umma ta zauna a ƙasa tana hamdala. Ruwaida ta faɗo daga labule da labulen gaba ɗaya. Ni kuwa na ji kamar an sauke mini dutsen Nakkasa daga ƙirji, da gidajensa da tankunan ruwansa.

Kada ku ɗauka an sallame ni haka nan. Da Abuya ya dawo hayyacinsa ya gyara fuska ya yanke hukunci. Abin kunne an ƙwace, wai abin da ba zan iya ji a gaban kakata ba kada in ji shi. In an yi kiran salla, ko Inna Mai Tsawa ce a tsakiyar baiti, ta yi shiru. Sitti kuma ta ƙara nata, wanda ya fi duka ciwo.

“Ba Bulus ne ya kusa kai ka Katsina ba, bakinka ne. Baki shi ke yanka wuya. Daga yau ba Larabci a gidan nan sai a salla. Ga malamarka nan.”

Ta nuna Gwaggo. Kun ji abin da na biya. Kullum bayan azahar ina gaban Gwaggo Asabe tana tsince shinkafa tana tsince Hausata, kowane kuskure da tsakuwarsa a goshi. Hausar da kuke karantawa yanzu da ƙulu aka saye ta. Har yau kuma ba ta yarda ta yi kuskure ba. In an tayar da maganar sai ta ce, “Ni dai na san abin da kunnena ya ji.”

Ranar, da taro ya watse, Abuya ya fita waje yana waya da Baffa Sani, ina jin sa yana cewa a bar maganar, yaron ya warke. Na zo zan wuce, Sitti ta kama mini riga.

“Maigida, yau ka ci bulus.”

Na waiga ko Gwaggo na kusa.

“Sitti, don Allah, wane Bulus kuma? Wallahi ban ci kowa ba!”

Ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa. A nan na koyi darasina na farko, cewa a Hausa in mutum ya tsallake abin da ya kamata ya same shi, bai biya komai ba, shi ne ake cewa ya ci bulus. Kalma ɗaya, ta kusa kore ni daga garinmu da rana, ta dawo ta yi mini barka da yamma.

Gidan Nakkasa an rushe shi. Inda falon nan yake yanzu fili ne, ko matakalar da na zauna a kai ba a gane wurinta. Mun koma wani ɗan gidan haya a bayan Misfala, ɗakuna ƙanana, in Gwaggo ta yi atishawa a kicin sai Abuya ya amsa mata daga banɗaki. Amma dukkanmu muna ciki, ba wanda ya ragu. In an sauko daga la'asar rana ta yi sanyi, Sitti takan buga sandarta a ƙasa ta kira ni.

“Maigida, kunna mana mutumin nan, mu ji ko matar tasa ta dawo.”

Har yau ba ta dawo ba. Ni kuwa ban je ko'ina ba.